Joseph Kekuku, yaron da ya hana tsirkiya yin shiru

A cikin motar haya na fara jin sautin, kan hanyar Sokode zuwa Dapaong, lokacin ina saurayi. Hunturu ne, ƙura ta rufe duwatsun Aledjo, direba ya saka kaset ɗin King Sunny Ade. Can cikin ganguna sai ga wata murya siririya ta taso, tana hawa tana sauka ba tare da ta yanke ba, kamar mace na kuka daga nesa. Nan take na ce goge ne. Yaron mota ya ce jita ce. Wallahi tun daga Bafilo muke musu har muka shiga Kara, babu wanda ya sauko. Ni kuwa ina da dalilin taurin kai, domin wurin kawuna za ni, ƙanen mahaifiyata, wanda a lokacin shi ne mai gogen da ake kira idan ana biki a zangon Dapaong.

Da muka isa na sayi irin kaset ɗin a tasha na kai masa. Kawu ya sa aka maimaita wurin har sau uku, idonsa a rufe. Sannan ya ce mini yaron mota ya fi ni gaskiya. Ya ce duk mai goge, komai gwanintarsa, akwai inda bakansa ke juyawa, kuma kunne na jin juyin kamar numfashi. Wannan kuwa babu numfashi a cikinsa. A cewarsa wani ne ke tsinkar tsirkiya, amma ya san dabarar ɓoye tsinkar. Ban gane maganarsa ba sai bayan shekaru, da na san sunan abin kiɗan. Turawa na kiransa pedal steel, wato jitar da ake kwantarwa bisa ƙafafu huɗu kamar tebur, ana zamar da ƙarfe a kan tsirkiyoyinta, ana taka feda da ƙafa. Da na bi salsalarta sai ta kai ni ga wani yaro a tsibirin da ke tsakiyar tekun Pasifik, kusan kilomita 4,000 daga gaɓar Amurka. Labarinsa nake so in ba ku yau.

Amma bari mu fara da matsalar, don a gane abin da ya warware. Kayan kiɗa masu tsirkiya gida biyu ne. Akwai waɗanda ake gogawa, irin goge da kukuma, akwai waɗanda ake tsinka, irin garaya da molo da gurmi da jita. Mai goge yana shafa ƙaro a tsagiyar bakansa, muddin hannunsa na tafiya tsirkiya na samun sabon ƙarfi, don haka sautin ba ya mutuwa sai ya ga dama. Mai garaya kuwa sau ɗaya yake ba tsirkiya ƙarfi. Daga lokacin da ya tsinke ta sautin ya fara mutuwa ke nan, shi ya sa yake tsinka da sauri, yana cike gurbi da yawan bugu. Jitar Turawa ta ƙara da wata matsala: an gitta 'yan ƙarafa a wuyanta kamar matakalar bene, sauti sai dai ya yi tsalle daga mataki zuwa mataki. Muryar ɗan Adam ba haka take ba, zamewa take yi. To yaya za a sa tsirkiyar da ake tsinka ta ja numfashi, ta kuma zame kamar murya?

An haifi Joseph Kekuku a 1874 a ƙauyen Laie, arewa maso gabashin tsibirin Oahu, lokacin Hawai ƙasa ce mai sarkinta da tutarta da harshenta. Jita ba baƙuwa ba ce a can. Tun wajen shekarun 1830 makiyayan shanu daga Meziko suka shigo da ita, mutanen tsibirin suka sassauta tsirkiyoyinta yadda idan an shafa su gaba ɗaya, ko ba a danna komai ba, sai su ba da amo mai daɗi. Wannan sassautawar ita ce ta share wa Kekuku hanya, domin idan tsirkiyoyi sun riga sun jitu a sake, duk inda ka gitta abu miƙaƙƙe a kansu za su jitu.

Yadda abin ya faro, riwayoyi sun bambanta. Wasu sun ce yana tafe a gefen layin dogo da jitarsa ya tsinci ƙusa, ta goga a tsirkiya ya ji wani sauti da bai taɓa ji ba. Wasu sun ce matajin ƙarfe ne, wasu kuma bayan wuƙar aljihu. Riwayar da ta fi kwanta mini ita ce wadda ke cewa yana da ɗan uwa, Sam Nainoa, mai kaɗa gogen Turawa, suna kiɗa tare, shi kuma yana kishin yadda gogen ke zamewa tsakanin sauti da sauti alhali jitarsa na tsalle. Ka ga ke nan ban yi kuskure ƙwarai ba a cikin motar nan. Akwai kuma wasu mutum biyu da ake dangana ƙirƙirar gare su, Gabriel Davion da James Hoa, sai dai Kekuku ne ya mai da wasan yara ya zama sana'a mai ƙa'ida da ake koyarwa, shi ya sa sunansa ya rinjaya.

A 1889, yana da shekara 15, ya shiga makarantar kwana ta maza ta Kamehameha a Honolulu, wadda aka kafa da dukiyar wasiyyar Gimbiya Bernice Pauahi Bishop domin 'ya'yan 'yan ƙasa. Makarantar na da ɗakin koyon ƙira da sassaƙa, a nan ne ya samu abin da yake nema. Ya yi ta gwada abubuwa har ya ƙera ɗan guntun ƙarfe mai santsi da nauyi wanda ke zama daidai cikin tafin hannu. Ya kwantar da jitar bisa cinyarsa fuskarta na kallon sama. Ya ɗaga tsirkiyoyin daga wuyan don kada ƙarfen ya riƙa karo da matakalar. Ya bar tsirkiyar hanji ya koma ta waya, ya kuma sa 'yan faratan ƙarfe a yatsun hannun dama don sautin ya fito ras. Ana cewa shekara bakwai ya yi yana wannan aiki kafin ya gamsu. Abokan karatunsa suka koya a wurinsa, da aka yi hutu suka watsu da shi sauran tsibiran. A harshensu suka sa wa abin suna kika kila.

Me ya sa ƙarfe ya fi yatsa? Amsar na da sauƙi. Yatsa nama ne, yana shanye girgizar tsirkiya kamar yadda katifa ke shanye tsalle. Ƙarfe mai nauyi kuwa ba ya shanyewa, yana mayar wa tsirkiya ƙarfinta, sai ta daɗe tana kaɗawa. Sannan tunda babu mataki, hannu na iya tsayawa ko'ina, har tsakanin sautukan da jitar Turawa ba ta san da su ba, inda mai goge da mawaƙi ke yawan zama.

Yayin da yaron nan ke goge ƙarfensa, ƙasarsa na zamewa daga hannun mutanenta. Ranar 17 ga Janairu 1893 wasu attajiran fararen fata, da goyon bayan sojojin ruwan Amurka, suka tumɓuke Sarauniya Liliuokalani. A 1896 aka yi doka cewa Ingilishi ne harshen koyarwa a makarantu. A 1898 Amurka ta haɗiye tsibiran. 'Yan ƙasa suka wayi gari baƙi a gidan ubansu, manyan gonakin rake na hannun wasu. Mu da kakanninmu suka ga Jamus ta zo, Faransa ta gaje ta, aka ja layi tsakanin dangi da dangi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Ga matashi irin Kekuku, kiɗa na cikin 'yan hanyoyin da suka rage na neman abinci da mutunci.

A 1904, yana ɗan shekara 30, ya hau jirgin ruwa zuwa Amurka, kuma bai sake komawa gida ba. Ya kafa ƙungiya ta mutum biyar mai ɗauke da sunansa, suna bin gidajen wasa gari-gari, yana kuma koyar da masu so. Sauran makaɗan Hawai suka biyo sahu. Da aka yi babban baje-kolin San Francisco a 1915, rumfar Hawai ta ja jama'a, daga nan fayafayan kiɗan tsibirin suka shiga gidajen Amurkawa kamar wutar daji. A 1919 ya ƙetara Turai tare da wani wasan kwaikwayo mai suna The Bird of Paradise, ya yi shekara takwas yana zagaya ƙasashe. Abin takaicin shi ne wasan Bature ne ya rubuta shi, yana nuna mutanen Hawai yadda Turawa ke son ganinsu, su kuma makaɗan na zaune a gefe suna ba shi armashi da kiɗan gaskiya. Wanda ya taɓa yin rawar gargajiya don 'yan yawon buɗe ido su ɗauki hoto ya san ɗacin wannan abinci.

Da ya dawo Amurka ya zauna a Chicago yana koyar da kiɗa, daga baya ya koma garin Dover a jihar New Jersey tare da matarsa Adeline, yana ci gaba da koyarwa. A jihar ya mutu ranar 16 ga Janairu 1932, yana da shekara 57, aka binne shi a Dover, garin sanyi da ƙanƙara, nesa da tekun da aka haife shi a bakinsa.

Ikon Allah, a shekarar da ya mutu ne abin da ya faro ya shiga sabon zamani. Ƙarfensa ya tsawaita sauti, amma jitar katako ba ta da ƙarfin murya, ganguna da ƙahoni na danne ta. A 1927 kamfanin National ya fito da jita mai jikin ƙarfe da faya-fayan alminiyam uku a ciki don ƙara amo. Sai a 1932 George Beauchamp da Adolph Rickenbacker suka fitar da wata 'yar jita mai kama da kaskon suya, da maganaɗisu da aka naɗe da siririyar waya a ƙarƙashin tsirkiyoyin. Idan tsirkiya ta kaɗa sai ta haifar da ɗan lantarki, amfilifaya ta ƙara shi, lasifika ta fitar. Jama'a da yawa ba su san cewa jitar lantarki ta farko da ta shiga kasuwa sosai irin ta Kekuku ce ba, wadda ake kwantarwa a cinya. Duk wani mai jitar lantarki a yau, daga Lome har Agadas, yana cin albarkacin wannan kasko.

Saura matsala ɗaya. Ƙarfe miƙaƙƙe ne, duk tsirkiyoyin da ya taɓa tare suke hawa tare suke sauka. Sai maƙera suka ɗora jitar bisa ƙafafu suka haɗa mata fedoji da sandunan ƙarfe, idan ka taka sai wata tsirkiya ta ƙara ɗaurewa ko ta sassauta. Paul Bigsby ya fara ƙera irinsu a 1948. A 1953 wani makaɗi, Bud Isaacs, ya taka feda yayin da sautin ke cikin tafiya a waƙar Webb Pierce mai suna Slowly, aka ji tsirkiya ɗaya ta tsaya cak wata na zamewa zuwa gare ta. Waƙar ta yi mako 17 a saman jerin waƙoƙin karkarar Amurka a 1954, makaɗa suka bazama wurin maƙera. Ta yau yawanci tana da tsirkiya goma a wuya ɗaya, wata wuya biyu, ga fedoji a ƙasa, ga libobi da ake turawa da gwiwa. Mai kaɗa ta kamar direban babbar mota yake, hannu biyu da ƙafa biyu da gwiwa biyu duk suna aiki.

Yanzu mu dawo ga abin da Kawu ya ji da kunnensa, wato ɓoye tsinka. Sirrin na ƙarƙashin ƙafar dama, inda akwai fedar ƙara mai aiki kamar totur ɗin mota. Makaɗi yana tsinkar tsirkiya fedar na baya-baya, don haka ƙarar tsinkar ba ta fita sosai. Yayin da tsirkiya ta fara gajiya sai ya riƙa danna fedar sannu a hankali, daidai gwargwadon yadda sautin ke raguwa. Tsirkiyar mutuwa take yi, amma kunne na jin abu ɗaya miƙe. Wanda ya danne fedar gaba ɗaya tun farko ya kashe guzurinsa, ba shi da abin ƙarawa idan sautin ya fara faɗuwa.

Bayan wannan akwai 'yan akwatunan da ake jerawa a ƙasa tsakanin jita da amfilifaya. Ɗaya tana matse sauti, ta rage mai ƙarfi ta ɗaga mai rauni, sai wutsiyar sautin ta ƙara tsawo. Wata tana yin amsa-kuwwa, tana maimaita abin da aka kaɗa bayan ɗan lokaci don ya cike gurbi. Wata na sa a ji kamar a cikin babban zaure ake kiɗan. Wata kuma na cika wa sautin ƙarfi har ya dushe ya zama gurnani mai daɗewa, irin wanda Sneaky Pete Kleinow ya yi suna da shi a ƙarshen shekarun 1960. A 1976 aka fito da wata 'yar na'ura mai batir da ake riƙewa a kan tsirkiya, tana kaɗa ta da ƙarfin maganaɗisu ba tare da an tsinka ba, sautin ba ya ƙarewa sai an ɗauke hannu. Sunanta EBow, ma'ana bakan lantarki. Da na ji wannan suna dariya ta kama ni: an yi kusan shekara 90 ana zagaye, ashe wurin bakan mai goge za a dawo.

Sautin ya iso mana ta ƙofofi da dama. A Kongo, Nicolas Kasanda da aka fi sani da Docteur Nico, wanda ya mutu a Brussels a 1985, ya sa jitar Hawai cikin rumbar African Fiesta a shekarun 1960, kuma dattawanmu da suka yi samartaka da rediyo sun san wannan zaƙin. Kaset-kaset ɗin Don Williams da ake ji a shagunan tela da motocin haya cike suke da ita. A Najeriya kuwa Sunny Ade ya shigar da ita kiɗan juju, Demola Adepoju na kaɗawa, aka ji ta duniya a faifan Juju Music na 1982. Adepoju ɗin ne kuma ya kaɗa ta a faifan Graceland na Paul Simon a 1986. Daga ɗakin ƙira na wata makaranta a Honolulu har zuwa motar da ke hawan duwatsun Defale, dubi nisan tafiyar ɗan guntun ƙarfe.

Ni ma na taɓa gwadawa. Na ari tsohuwar jita wurin wani abokina malamin makaranta a unguwar Komah, na cusa fensir a ƙarƙashin tsirkiyoyin ta wajen kai don su ɗaga, na karɓo sifanar fulogi wurin mai gyaran babur. Daren farko maƙwabta sun ɗauka kyanwa ce ta faɗa rijiya. Sannu a hankali na gano abubuwa uku. Dole ƙarfen ya tsaya daidai bisa matakin, ba a bayansa ba kamar yadda ake danna yatsa. Dole sauran yatsun su bi bayan ƙarfen suna shafar tsirkiya don kashe ƙarar banza. Sannan idan ka ɗan rausayar da ƙarfen gaba da baya, sautin da ke shirin mutuwa sai ya farfaɗo. Daga nan na gane cewa akwatunan nan ba sa haifar da abin da hannu bai ba su ba. Tsirkiya mai tsatsa da hannu mai rawa, ko ka jera akwati goma, ƙaramin kuskure za su mayar babba. Kekuku ba shi da lantarki ko kaɗan, hannu ne da haƙuri.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan kuwa ba jita ba ce. Kawu ya rasu shekarun baya. Gogensa na rataye a ɗakin innata a Dapaong, fatar ta tsage, tsagiyar ta zube. Mutumin da ya saurari kaset sau uku ya gano abin da maƙeran Amurka suka yi shekaru suna ƙullawa, ba mu da muryar gogensa ko ta minti ɗaya. 'Ya'yansa babu wanda ya koya, kuma ban ga laifinsu ba, don mun san yadda ake kallon mai goge a cikinmu: a kira shi ranar biki, a yi masa liƙi, gobe a hana ɗansa aure. Maganar hukuncin kiɗa na bar wa malamai, su ne masu ita. Ni maganar suna nake yi. Ko wanda ba ya sauraron goge ai yana son a san waye kakansa, daga Kano ya taso ko Katsina ko Gobir, ta wace hanya fataucin goro ya sauke shi a Sokode ko Mango, da wace sana'a ya ci da iyalinsa.

Kekuku ma an kusa mantawa da shi. Amurkawa da yawa sun ɗauka jitar nan tasu ce ta kiɗan karkara tun asali. Sai a 1993, shekara 61 bayan mutuwarsa, aka sa sunansa a zauren tunawa da gwanayen wannan jita, a 2015 kuma aka kafa mutum-mutuminsa a Laie. Ba mutum-mutumi nake nema wa kowa ba, wannan ba al'adarmu ba ce. Abin lura shi ne sunan ya dawo saboda danginsa da ɗalibansa sun riƙe labarin, wasu kuma suka zauna suka rubuta. Mu 'yan zango tsiraru ne a ƙasar nan, idan ba mu rubuta namu ba babu ma'aikatar da za ta rubuta mana.

Don haka ina roƙon mai karatu abu ɗaya. Wayar da ke hannunka tana ɗaukar murya. Idan akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku mai wata sana'a, kiɗa ne, ƙira ce, dukanci ne, wanzanci ne, zauna da shi wannan makon. Tambaye shi wa ya koya masa, shi kuma wancan wa ya koya masa, ka rubuta suna da gari da shekara. Ni dai na yi niyyar idan Allah ya kai mu hutun Sallah zan hau mota zuwa Dapaong, in zauna da innata ta faɗa mini sunan wanda ya koya wa Kawu goge, tun tana iya tunawa. Allah ya jiƙan Kawu, ya gafarta wa magabatanmu baki ɗaya.